Rabin Kiɗan Baba

SHAFI NA 14

Ku da kuka hana wayata sakat tun jiya, ga shi nan. Wadda ta rantse Yaya ne, da wanda ya ce min aljani ne ya kaɗa, duk ku matso kusa. Ni ma a ranar sai da na zargi kowa a gidanmu, banda mutum ɗaya.

*

"Sake faɗa," na ce wa Yaya.

"Jiya ƙarfe uku ni da Baba muna asibiti, a layin ɗibar jini. Ba mu dawo ba sai biyar saura."

"Ba zai yiwu ba."

"To ƙarya zan miki? Ga takardar nan a aljihuna."

Na juya ga kwamfutar. Lokacin da ta ɗauki sautin yana nan a rubuce: jiya, uku da minti goma sha biyu na rana. Na ɗaga kai na kalli agogon bango. Huɗu saura kwata.

Kwana uku muka yi muna fama a ɗakin nan. Gobe da safe za a yi wa Baba aiki a hannun hagu, kuma likita bai ɓoye mana ba, yatsun na iya dawowa, suna iya ƙin dawowa. Shi kuwa abu ɗaya ya roƙa: a naɗi kiɗan nan nasa, wanda ya shekara talatin da ɗaya yana kaɗawa a otal-otal ba a taɓa ɗauka ba. Ni ce mai taɓa kwamfuta a gidan, shi ya sa yake ce min Injiniya. Na aro ɗan akwatin da ake jona jitar lantarki da kwamfuta, na haɗa wayoyi, na buɗe manhaja. Sau goma sha tara yana farawa, yatsun na sulluɓe masa a tsakiya.

Jiya na fita wurin aiki a gurguje, na manta ban danna tsayawa ba. Kwamfutar ta yi ta ɗauka har awa huɗu. Yau da safe zan goge, sai na ga tudun sauti a tsakiya. Na sa a kunne. Kiɗan ne, tiryan-tiryan, babu tuntuɓe ko ɗaya, har da wani ƙarshe da ban taɓa ji ba. Na sha kuka. Na ce ai Baba ne ya tashi ya yi abinsa da ya ga babu kowa a kansa. Ban tambayi kowa ba, ni sarkin wayo. Na yanko shi, na tura wa mai shirin tsofaffin makaɗa a gidan rediyo, na rubuta sunan Baba a kai da manyan baƙaƙe. Shi kuma Baban na ce masa guntayen da ya yi na ɗinke, don ina son ya ji a rediyo ya sha mamaki.

Ƙarfe biyar na yau za a sa.

"To in ba Baba ba ne, wane ne?" in ji Yaya.

"Kai ne?"

"Ke kina da hankali kuwa? Na ce miki muna tare. Ni da ko tafi ban iya yi daidai ba."

"Zauna. Sa wannan."

Na miƙa masa kunne ɗaya na hedifon, na sa ɗayan. Na mayar da sautin baya kaɗan.

Ƙugi ne ya fara, zuuuu, irin na tsohon firji.

"Wannan fa?"

"Jitar ce. Akwai wayar da ta tsinke a cikinta tun kafin a haife mu. Da an jona ta sai ta yi ta ƙugi."

"Ai Baba in ya ɗauka ba ta yi."

"Saboda siririyar wayar nan ta tagulla. Yana ɗaura baki ɗaya a gindin tsirkiyoyin, ɗaya bakin a babban yatsan ƙafarsa. Saurara."

Ƙugin ya ɗauke ɗif, kamar an rufe famfo.

Yaya ya kalle ni.

"Ko ma wane ne, ya san dabarar," na ce.

"Ba a ji muryarsa ba? Ko tari?"

"Ba makirfo a nan. In ka jona jita kai tsaye, kwamfuta ba ta jin ɗaki. Ko faɗa ake a kanta ba ta ji. Tsirkiya kawai take ji, sai abin da ya bugi jikin jitar."

Kiɗan ya fara. Da safe daɗi ya rufe min kunne. Yanzu kuwa da tsoro nake saurare, kuma mai tsoro ya fi kowa ji. Can ƙasa, duk lokacin da hannun dama ya sauka, akwai wata 'yar ƙara.

Kas.

Kas-kas.

Na ƙara sauti. Yaya ya cire hedifon a hankali, ya ajiye a kan tebur.

"Na san ƙarar nan," ya ce. "Da ita ake tashina makaranta."

Ni ma na san ta. Awarwaro uku ne na ƙarfe, a hannun daman Mama.

Mama fa. Matar da ba ta taɓa kiran jitar da sunanta ba, sai dai ta ce katakon nan. Matar da in Baba ya shigo da ita falo take tattara ɗinkinta ta bar masa wurin.

Na danna lambar mai shirin. A kashe. Na sake. A kashe.

"Hau babur," na ce wa Yaya. "Ka je gidan rediyon, ka ce kada a sa."

"In ce saboda me?"

"Ka ce ya lalace, ka ce kuskure ne, ka ce komai. Tafi mana."

Ya fita da takalmi ɗaya a hannu.

Dole ta falo zan bi zuwa wurin Mama. Baba na zaune ya sha farar rigar da aka goge masa tun safe, rediyo a kan gwiwa, wayarsa a hannun kujera. Mai shirin ya yi alƙawarin zai kira shi kai tsaye da an gama sa kiɗan. Hannunsa na hagu na kwance a kan matashi, yatsun na ɗan motsi su kaɗai.

"Injiniya, ƙarfe nawa?"

"Huɗu ta ɗan gota, Baba."

"Agogon nan yau ba ya tafiya. Ina yayanki ya nufa a guje?"

"Aike na yi masa."

"Ƙanwa ke aiken wa. To madalla."

Ya yi dariya. Ni ban iya ba.

Na sami Mama a ɗakin ɗinkinta, tana haɗa wuyan riga. Ƙafarta na taka keke, awarwaronta na taɓa bakin teburin.

"Mama."

"Ina jin ki."

"Jiya da rana kin shiga ɗakina?"

"Na share. Ɗakin da ko kaza ba za ta yarda ta kwana a ciki ba."

"Kin taɓa jitar?"

Keken bai tsaya ba.

"Na matsar da katakon, e."

Na tura ƙofa na rufe. Na ajiye wayata a kan rigar da take ɗinkawa, na danna.

Ba a kai ko'ina ba ƙafarta ta tsaya.

"Kashe."

Ban kashe ba.

"Na ce ki kashe."

Na kashe.

"A ina kika samo wannan?"

"Kwamfutar tana ɗauka lokacin."

"Fuskarta baƙi ƙirin take. Sai da na duba."

"Fuskar ce ta yi barci, Mama. Kunnenta a buɗe yake."

Ta cire tabarau, ta naɗe, ta sa a cikin gwangwanin maɓallai, inda ba ta taɓa ajiye shi ba.

"Yaushe kika koya?" na ce.

"Tambayar da za ki yi ke nan?"

"Baba ne ya koya miki?"

Ta yi wata 'yar dariya ta hanci. Sannan ta miƙo min hannunta na hagu, tafin sama. Kan yatsu huɗun duk kanta ce, tauri kamar ƙahon akuya. Tun ina ƙarama nake ganinsu.

"Kin ce allura ce."

"Allura a yatsa huɗu na hannun hagu? Ke da ake ce wa Injiniya."

Na zauna a kan buhun yadi.

"Kakanki, mahaifina, mai gyaran rediyo ne, wannan kin sani," ta ce. "Abin da ba ki sani ba, wani ya kawo masa jitar nan gyara, bai dawo ba. Shekara biyu tana rataye a bayan shago. Ni nake share shagon. Sai na riƙa saukewa."

"Ke kaɗai?"

"Wa zai koya min? Rediyo goma ke magana a shagon kullum. Abin da na ji shi nake nema a tsirkiya har in samu. Dabarar wayar ƙafa ma ni na gano ta, ranar da na taka ƙarfen tebur ba takalmi na ji ƙugin ya ɗauke."

"Baba fa?"

"Babanki sifika ya kawo gyara. Ya ji ni ta bayan labule. Washegari ya dawo wai sifikar ta sake lalacewa. Sau shida tana lalacewa a wata ɗaya."

Duk da halin da nake ciki sai da na murmusa.

"Wata takwas ina kama masa yatsu. Kansa da tauri, amma yana da naci. Kiɗan nan kuwa ni na haɗa shi, a bayan shagon nan. Rabi na koya masa, muka yi aure, aka ɗauke shi a ƙungiyar makaɗan wani otal. Na ba shi jitar da hannuna."

"To me ya faru?"

Ta ɗauki almakashi, ta buɗe, ta rufe.

"Ranar farko na je. Na tsaya can baya kusa da masu ɗaukar faranti. Ya kaɗa rabin nan, wurin ya ɗauki tafi. Shugaban ƙungiyar ya miƙa masa makirfo, ya ce, kiɗan nan na waye?"

Ta ajiye almakashin.

"Yana kallona ya ce, nawa ne."

Daga falo muka jiyo Baba yana murɗa rediyo, yana neman tashar da ya riga ya samu tun ƙarfe uku.

"Ba ki yi masa magana ba?"

"Ban yi ba. Shi ma bai yi ba. Na dai riƙe sauran rabin. Kin taɓa lura yadda yake ƙare kiɗan?"

Na lura mana. Duk wanda ya san Baba ya sani. In ya kai wani wuri sai ya sa ƙaramin yatsa ya murɗa maɓallin sauti a hankali, kiɗan ya yi ta nisa har ya ɓace. Mutane na cewa salonsa ne. Akwai samarin da ke kwaikwayonsa.

"Ba salo ba ne," in ji Mama. "Nan iyakar abin da na ba shi."

"Shekara talatin da ɗaya, Mama?"

"Da ya roƙa sau ɗaya, da na ba shi. Da ya ce, Malama, na yi kuskure. Bai ce ba. Ni ma ban ce ungo ba. Muna cin abinci a kwano ɗaya, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara."

"Amma hannunki bai mutu ba. Yaya aka yi?"

"Jitar lantarki in ba a jona ta ba, ko na bakin ƙofa ba ya jin ta. Duk ranar da ya bar ta a gida, kuna makaranta, nakan ɗauka. Jiya ne karon farko da na ji ta da murya a hannuna tun ina budurwa. Na shigo shara, tana ta ƙugi ita kaɗai. Na ce bari in ɗaura wayar ta yi shiru. Da na ɗaura kuma sai na zauna."

Ta share ido da bakin yadin mutane.

"Kwana uku ina jin shi ta bango yana faɗuwa a wuri ɗaya. Kin san abin da hakan ke yi wa wanda ya koya masa? To goge kiɗan nan. Yanzu, ina kallo."

Na kalli wayata. Huɗu da rabi da minti biyar.

"Mama, ba zai gogu ba."

"Kamar yaya?"

"Na tura."

"Kika tura ina?"

"Gidan rediyo. Shi za a sa ƙarfe biyar. Na ɗauka Baba ne ya kaɗa."

Ta daɗe tana kallona. Gara ma ta mare ni.

"Da sunan wa?"

Na sunkuyar da kai.

"Ina tambayarki."

"Da sunan Baba."

"To," ta ce, can ƙasa. "Karo na biyu ke nan. Na farko mijina, na biyu 'yata."

Maganar nan ta shige ni har ƙashi. Ni da nake taƙama na fi kowa kunne a gidan, na ji hannun uwata minti biyar cur ban gane shi ba, na kuma liƙa masa sunan wani da yatsuna.

"Zan sa su gyara, Mama. Zan ce su faɗi naki."

"Ba za ki ba."

"Ai naki ne."

"Mutumin da za a tsaga hannunsa gobe da safe? Ki sa a ce wa duniya abin da aka san shi da shi ba nasa ba ne? Ba ta bakinki ba, ba ta bakin rediyo ba." Ta miƙe, zaren da ke cinyarta ya gangara ƙarƙashin keke. "Kuma ba na son ya ji rabin nan tare da masu aski da direbobin tasi. In zai ji, a hannuna zai ji. Ki hana."

Wayata ta yi ƙara. Yaya ne.

"Ka samu?"

"Ina bakin ƙofa. Mai gadi ya ce ba a shiga sai da wanda zai fito ya ɗauke ka."

"Ka ce gaggawa ce."

"Na ce. Ya leƙa, ya ce mai shirin ya riga ya shiga ɗakin watsawa, jar fitila a kunne, ko shugabansu ba ya buɗe ƙofar."

"Ka rubuta takarda a tura masa."

"Na rubuta. An ce sai an tafi talla."

"Yaushe ne tallar?"

"Bayan kiɗan farko."

Kiɗan farko namu ne.

Mama ta ji komai. Ta zura takalmi ta nufi falo, ina biye da ita. Biyar saura minti shida.

"Kawo rediyon nan," ta ce wa Baba. "Ƙararsa na sa min ciwon kai."

"Haba Malama. Yau dai ki yi haƙuri da katakon. Daga yau ai kin huta."

"Baba, batirin kamar ya yi sanyi," na ce. "Bari in canza."

"Sabo ne fil, da hannuna na sa." Ya rungume rediyon da hannun dama. "Me ya same ku ne? Injiniya, zauna. Aikinki ne za a sa."

Na zauna a bakin kujera. Na buɗe baki in faɗa masa, na ga farar rigar nan da karin guga, na ga yatsun da ke rawa a kan matashi, na rufe bakina. Mama ta ja da baya ta tsaya a bakin ƙofa, ta dafe awarwaronta da hannun hagu.

Mai shirin ya gaida masu sauraro. Ya ce yau yana da abin da ba a taɓa naɗa ba. Ya faɗi sunan Baba cikakke, har da na mahaifinsa.

Baba ya gyara zama.

Kiɗan ya fara.

Da farko murmushi yake, yana gyaɗa kai. Can murmushin ya tsaya. Ya kara rediyon a kunne. Ya kalli hannunsa na kan matashi, ya kalle ni.

"Injiniya, wannan guntayena ne?"

Na kawar da kai.

Kiɗan ya iso wurin nan. Na ga ƙaramin yatsan Baba na dama ya lanƙwashe shi kaɗai a jikin rediyon, yana neman maɓallin da zai murɗa.

Kiɗan bai yi nisa ba. Ya hau sama, ya juya, ya shiga inda Baba bai taɓa zuwa ba.

Kas.

Kas-kas.

Baba ya juyo da kansa a hankali. Bai kalli fuskar Mama ba. Hannunta ya kalla, wanda ta dafe.

Babu wanda ya motsa har kiɗan ya sauka ya tsaya da ƙafarsa, ba tare da an rage masa sauti ba.

Wayar da ke hannun kujera ta fara ƙara.

Sau ɗaya. Sau biyu. A na huɗu Baba ya ɗauka. Muryar mai shirin ta fito ta wayar, ta kuma fito ta rediyon.

"Baba, barka da yamma. Shekaru muna jin kiɗan nan, amma ƙarshen nan ba mu taɓa jin shi ba. Kafin komai, masu sauraro na son su ji daga bakinka. Kiɗan nan, na waye?"

Mama ta saki awarwaronta.

Baba ya ɗago ido ya kalle ta.

"Baba?" in ji mai shirin. "Muna jin ka. Duk gari na jin ka."